An Nuna Fuskarsa, Ni An Nuna Ƙeyata

Mu biyu muka sauka a Faransa, ni da Habibu, kowa da jaka guda da takardar makarantar noma da ta kira mu. Ni Lawali, ɗan Madarumfa ne. Mahaifina yana da garka a bakin tabki, salati da shu, wato kabeji, da tumati muke nomawa tun ina ƙarami. Habibu ɗan garin Sarkin Yamma ne, tun koleji muke zama benci guda. Ni na fi shi maki kullum, shi kuma ya fi ni baki da fara'a. Ina da gemu da tabon salla, Faransancina na takarda ne, in na zo magana sai ya sarƙe. Shi fuskarsa tas take, kuma ko kuskure ya yi sai mutane su yi dariya tare da shi.

A babbar tashar jirgin ƙasa wani mutum mai doguwar riga ya ji muna Hausa, ya matso ya yi mana sallama. Ya ce shi ma daga wajenmu yake, ya daɗe a ƙasar, mu kawo kuɗin ya yankar mana tikiti kada na'ura ta ruɗe mu. Muka ba shi, ya kawo mana takardu biyu, ya raka mu har bakin jirgi yana yi mana addu'a. Sai da mai duba tikiti ya zo muka gane na jiya ne, wani ya riga ya yi tafiya da su. Habibu ya miƙe yana ba shi labari, yana kwaikwayon tafiyar mutumin da ya cuce mu, har mai duba tikitin ya murmusa ya ce wannan karon ya yafe. Da ya juyo gare ni murmushin ya ɗauke. Ya dubi gemuna, ya dubi jakata, ya ce in buɗe. Na buɗe a gaban mutane. Ya ɗaga dardumata, ya ɗaga ƙullin yaji da Inna ta sa mini, ya shinshina. Jakar Habibu tana kusa da tawa, bai ko kalle ta ba.

Garin da aka tura mu ƙauye ne, da wuya ka ga baƙar fata in ba mu ba. Tsarin makarantar shi ne sati uku a gona, sati guda a aji. Gonar ta wata mata ce, Madam Odil, mijinta ya rasu, ita ke riƙe da komai. Tun muna gida aka sama mana ɗakin haya wurin wata tsohuwa, ta amince ta waya. Ranar da muka je da kayanmu ta tsaya bakin ƙofa, ta bar sarƙar ƙofar a maƙale. Ta tambaye mu ko mu Musulmi ne, muka ce e. Ta ce ita kaɗai take zaune, kuma tana ganin abin da ake nunawa a tele. Sannan ta nuna Habibu ta ce wannan dai zai iya zama, amma ɗakin ba ya ɗaukar mutum biyu. Gado biyu ne a ciki, na hango su ta bayanta.

Habibu ya ce mata a'a, tare muka zo. Na gode masa a hanya, amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne shi aka zaɓa. Madam Odil ta ba mu wani ɗaki a saman ma'ajiyar kayan aiki, nan muka zauna shekara biyu.

Sanyin farko ya kusa mayar da ni gida. Yatsuna suka tsattsage, in na ciro karoti daga ƙasa kamar ƙanƙara nake cirowa. Na riƙa tuna soyayyen kifin bakin tabki da kwaɗon zogale, da yadda ake zama a gaida juna ba gaggawa. A nan gaisuwa kalma guda ce, an wuce. Akwai wani tsoho mai tuƙa tarakta, Rene, ba shi da yawan magana. Ya ga takalmina na shan ruwa, washegari ya ajiye mini nasa na roba a bakin matakala, da safa biyu a ciki. Kuma in ya ga na shimfiɗa darduma a bayan rumfar leda, sai ya kashe tarakta ya kunna tabarsa har in sallame. Bai taɓa tambayata komai game da addini ba.

Da tsakar rana mukan ci abinci a ɗakin girkin Madam, tele a kunne. A nan na ga yadda suke ganinmu. Duk sanda aka ambaci Musulmi sai an haɗa da hayaƙi, ko mota a ƙone, ko mutane rufe da fuska a kan babura. In aka zo kan yankinmu sai a nuna taswira an shafe ta da ja. Ban taɓa ganin an nuna mai ban ruwa a garka ba, ko ranar kasuwa, ko suna. Madam takan ajiye cokali ta ce, "Haka ƙasarku take?"

Sai in fara bayani. In ce mata waɗanda ake kashewa a can mu ne, shanun da ake korewa namu ne, masallatanmu ake shiga. Kafin in haɗa jimla ta uku ta fara duban agogo. Habibu kuwa sai ya ce, "Madam, a garinmu abin da ya fi kashe mutane surukai ne." Ta yi dariya har da hawaye, ta ƙara masa miya.

A shekara ta biyu aka kai hari a wani babban birni nesa da mu. Sati guda ba abin da tele ke faɗi sai shi. Bayan haka wata 'yar jarida ta zo da mai ɗaukar hoto, ta ce suna shiri a kan Musulmin da ke zaune a ƙauyuka, tana so mutane su ji daga bakinmu. Na ji daɗi ƙwarai. Na rubuta abin da zan faɗi a takarda, na maimaita shi har na haddace. Ta zaunar da ni kan akwatin tumati kusan awa guda. Ranar bakina bai sarƙe ba. Na ba ta labarin mahaifina da garkarsa, da limamin unguwarmu da ke raba rigimar manoma da makiyaya, da ƙauyukan bakin iyaka da mutane suka bari saboda 'yan bindiga. Ta riƙa gyaɗa kai. Da lokacin azahar ya yi ta ce ko za ta iya ɗaukar sallata, don mutane su ga natsuwar da ke ciki. Na ce bismilla. Habibu minti goma ta yi da shi, rabi ma a kan ƙwallo suka yi hira.

Ranar Lahadi da rana aka nuna shirin. Muna zaune mu huɗu, ni da Habibu da Madam da Rene. Aka fara da hayaƙin birnin da kukan motocin asibiti. Sai ga ni. Ta bayana aka ɗauke ni, jar rigar sanyina da hulata, ina sujada a lungun ma'ajiya inda haske bai kai ba, an sa wani kiɗa mai nauyi a ƙasa. Muryar wani namiji tana cewa har cikin ƙauyukanmu abin ya iso, kuma ba wanda ya san abin da ake faɗi a irin waɗannan lunguna. Ko kalma ɗaya tawa ba a sa ba. Daga nan hoton ya washe, rana ta fito, ga Habibu tsakiyar salati yana dariya, an rubuta sunansa a ƙasa. Muryar ta ce amma akwai irin wannan saurayi, da ya rungumi rayuwarmu.

Rene ya tashi ya kashe tele, ya faɗi wata kalma da ba zan rubuta ba. Madam ta ce ai ba a ga fuskata ba, ba wanda zai gane ni. Garin da baƙaƙe biyu ne kawai, kuma ɗaya an nuna fuskarsa.

Habibu ya ce mini a matakala, "Wallahi Lawali ban san haka za su yi ba."

Na ce na sani. Kuma na sani ɗin. Amma tun daga ranar ban ƙara iya kallon dariyarsa ba.

Mai gidan burodi ta fara ƙara masa guda kyauta. Magajin gari ya gayyace shi cin abinci. 'Yan ƙwallo suka ba shi riga mai sunansa. Ni kuma in na shiga kanti sai hira ta tsaya. Ranar kasuwa mukan kai kayan gona mu tsaya a tebur, akwai matan da suka saba saye a hannuna, sai suka koma suna jira Habibu ya gama da wani. Bayan sati uku Madam ta ce in riƙa zama a gona ina shirya akwatuna, shi ya tsaya a tebur. Ta ce ba don komai ba ne, ciniki ne.

Abin da ya fi ci mini rai daga gida ya zo. Wani ya yanko wurin da Habibu ke magana, aka yi ta turawa a waya daga Sarkin Yamma har Maraɗi. Inna ta kira ni. Da yake ni ne ɗanta na fari ba ta kiran sunana.

Ta ce, "Babana, an nuna mini abokinka cikin tele na Turawa. Kai mi ya hana a nuna ka? Ko ba ka ƙoƙari ne?"

Na ce, "Ina ƙoƙari, Inna."

"To ka riƙa sakin fuska kamar shi."

Na ajiye wayar, na koma cikin akwatuna. Ni ne na san cutar da ke kama tumati tun ganye bai nuna ba. Ni na gyara tiyon ban ruwa da ya gagari kowa. Habibu har lokacin in an ce ya haɗa taki sai ya zo ya tambaye ni a ɓoye. Na riƙa lissafa waɗannan a zuciyata ina aiki, kullum, kamar mai jan carbi.

Wata uku kafin mu gama, Madam ta ce za ta riƙe mutum guda aiki na dindindin, da takardun zama. Ba ta faɗi suna ba, amma Habibu ta kalla.

A cikin kwanakin nan ne aka sace yayansa Salisu. Direba ne, yana ɗaukar kaya zuwa kasuwannin bakin iyaka, aka tare shi a hanya bayan garin Gabi aka shiga da shi daji. Da masu garkuwar suka ji yana da ƙane a Turai sai suka ce da shi kawai za su yi magana. Habibu ya gaya mini yana kuka, ya riƙe hannuna.

Ya ce, "Don Allah kada kowa ya ji a nan. Ka san yadda suke. In suka ji daji da bindiga ba za su tsaya su ji sauran ba."

Na ce ba wanda zai ji.

Ya riƙa zagayawa bayan rumfar leda yana waya, wani lokaci yana roƙo, wani lokaci murya ta ɗaga. Ya rame, dariyar ta ragu. Wata safiya ina wanke akwatuna Madam ta zo ta tsaya kusa da ni. Muna jiyo muryarsa daga nesa, yana ta rantsuwa da sunan Allah. Ta ce, "Lawali, da wa yake magana haka kullum? Na ji yana ta ambaton Allah."

Zan iya cewa matsalar gida ce. Zan iya gaya mata duka. Na ɗago na ce, "Yayansa yana daji wurin masu bindiga. Da su yake magana."

Na tsaya a nan. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, kuma na san sarai abin da na bari ban faɗi ba. Na ga fuskarta ta canza. Ta ce, "Masu bindiga irin na tele?" Na sunkuyar da kai na ci gaba da wanki. Na ji wani daɗi ya ratsa ni, ba zan ɓoye ba. Bai kai minti biyar ba, amma na ji shi.

A zatona za ta ja baya da shi kawai, ta ba ni aikin. Washegari da hantsi motar jandarma, wato 'yan sandan karkara, ta shigo gona. Suka tafi da Habibu, suka juye ɗakinmu, suka ɗauki wayarsa. Da yamma suka sake shi, wayar kuma suka ce sai an bincika. Ya dawo a ƙafa, ya zauna kan matakala, bai ko cire takalmi ba.

Ya ce, "Gobe za su kira. Sun ce in ban ɗauka ba Salisu ne zai ji a jikinsa. Lambar nan kaɗai suka sani."

Sai a lokacin na ga abin da na yi. Na ari keken Rene na tafi ofishin jandarma, na faɗi komai, cewa Salisu kama shi aka yi, cewa Habibu roƙon ransa yake. Wanda ya saurare ni ya rubuta, ya ce za su duba, amma waya ba ta fita sai an gama. Na dawo na ba Habibu tawa. Muka yi ta kiran gida, daga wannan zuwa wancan, ana neman wanda zai kai sabuwar lamba daji. Kwana shida aka ɗauka kafin ta isa. A cikin kwana shidan nan ban san abin da aka yi wa Salisu ba, kuma ban iya cin abinci ba.

Garin kuwa ya juya cikin yini guda. Wata ƙaramar jarida ta rubuta cewa saurayin da aka gani a tele yana hannun jandarma. Mai burodi ta daina kallonsa. 'Yan ƙwallo suka ce ya ɗan huta tukuna. Da aka gama bincike aka mayar masa da waya aka ce ba shi da laifi, jaridar ba ta rubuta komai ba. Na yi zaton in na ga an mayar da shi daidai da ni zan huce. Ban huce ba. Mun zama mu biyu ana tsallake mana titi.

Rene ne ya tare ni a bayan tarakta. Ya ce Madam ta gaya masa daga bakin wa ta ji. Ya ce, "Kai za ka gaya wa Habibu ko ni?"

Na sami Habibu cikin rumfar tumati yana ɗaure rassa. Na tsaya a bayansa na faɗa masa, kalma da kalma yadda na faɗa wa Madam, da inda na tsaya. Bai juyo ba. Ya gama ɗaure reshen da ke hannunsa, ya kama na gaba.

Can ya ce, "Na sani tun ranar. Kai kaɗai na gaya wa."

Na ce, "Ka yafe mini."

Ya ce, "Mi na yi maka, Lawali?"

Na ce bai yi mini komai ba. Na ce ni dai na gaji da ganin ana son shi.

Sai ya juyo. Ya ce, "So? Kana ganin so ne? Kullum sai na yi musu wasa kamar biri kafin su ba ni burodi. Salla a ɓoye nake yin ta, cikin ɗaki, kada su gani su fasa. Kai kana shimfiɗa dardumarka a fili, tsoho yana kashe maka tarakta. Ni sau nawa na so in zama kai."

Ya koma kan tumatinsa. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Muka ƙarasa sauran watannin a ɗaki guda, muna gaisawa, muna cin abinci, ba hira.

An sako Salisu bayan dangi sun sayar da abin da za su iya sayarwa. Madam ta ba Habibu haƙuri har da kuka, ta ce aikin nasa ne. Ya ce ya gode, ba ya so. Ni ba ta yi mini tayi ba, kuma da ta yi ban san da wace fuska zan karɓa ba. Ya sami wata gona a can kudu ya tafi. Ni na karɓi takardar shaidata na dawo Madarumfa, na shiga garkar mahaifina.

Sai da na yi wata biyu a gida kafin na iya hawa babur zuwa Sarkin Yamma. Na tarar da Salisu zaune kan tabarma a ƙofar gida, sanda a gefensa. Ƙafarsa ta hagu ba ta miƙewa, tuƙi ya ƙare masa. Ban tambaye shi a wane kwanaki aka yi masa haka ba. Na durƙusa na gaishe shi, na shirya in faɗi abin da ya kawo ni.

Bai bari na fara ba. Ya kama hannuna da hannu biyu, ya ɗaga murya ya kira mahaifiyarsu. Ya ce, "Inna, fito ga Lawali! Shi ne wanda Habibu ya ce ya ba da wayarsa lokacin da Turawa suka ƙwace tashi. Ba don shi ba da ban dawo ba."

Tsohuwar ta fito tana gyara mayafi, ta dafa kaina tana sa mini albarka, ta aika a damo fura. Na tambayi Salisu ko abin da Habibu ya gaya musu ke nan. Ya ce e, ko akwai wani abu? Na buɗe baki. Tsohuwar tana tsaye da ƙwarya a hannu tana murmushi, shi kuma yana riƙe da hannuna bai saki ba.

Na gaya musu. Na fara daga safiyar da nake wanke akwatuna, kuma wannan karon ban tsaya a tsakiya ba. Na gama. Salisu ya saki hannuna a hankali, ya daɗe yana kallon ƙafarsa. Tsohuwar ta ajiye ƙwaryar a gabana.

Ta ce, "Sha. Tun da ɗana ya rufa maka asiri, ba ni zan tona ba."

Na sha. A hanyar komawa na tsaya gefen gonakin gero na kashe babur, na zauna. Ina jin kunya, ina jin sauƙi, kuma a ƙarƙashinsu na tarar da tsohon ƙyashin nan yana nan bai mutu ba. Habibu yana can nesa, bai tona ni ba, kuma har a wannan ma ya fi ni.